Maganin Wani Gubar Wani: Nazarin Kalmar "Magani" da Haɗarin Ba Kyanwa Magungunan Mutane

Tsakure

Kyanwa na daga cikin dabbobin da suka fi kusanci da Bahaushe a cikin gida, amma ba kasafai ake kai ta wurin likitan dabbobi ba idan ta kamu da rashin lafiya. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne a ɓantari ƙwayar da mutanen gida ke sha a ba ta. Wannan maƙala ta dubi al'adar ta fuskoki biyu: yadda Hausa ke gina ma'anar kalmar "magani", da abin da ilimin likitancin dabbobi ya tabbatar game da hantar kyanwa da jininta. An ɗauki farasitamol a matsayin babban misali. Nazarin ya nuna cewa Hausa ta fi kiran magani da sunan cutar da yake kawarwa, ba tare da ambaton sinadarinsa ko jikin da zai shiga ba, kuma tunanin rage awo gwargwadon girman jiki ba ya aiki a kan kyanwa. An kammala da shawarwari kan kalmomin da suka dace da saƙon faɗakarwa cikin Hausa.

Fitilun Kalmomi: magani, guba, kyanwa, farasitamol, awo, faɗakarwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da cewa abincin wani gubar wani, sai dai ya fi amfani da maganar wajen bayyana bambancin ra'ayi da ɗabi'a tsakanin mutane. A fagen magunguna kuwa, maganar tana da ma'ana ta zahiri. Akwai ƙwayar da ake saya a kowane kemis ba tare da takardar likita ba, babba ya sha biyu ciwon kansa ya lafa, amma idan kyanwa ta haɗiyi rubu'inta tana iya halaka. Wannan ƙwaya ita ce farasitamol, wadda jama'a suka fi sani da sunan kasuwa na Panadol.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ke sa mutumin da ke tausayin dabbarsa ya ba ta abin da zai kashe ta? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce rashin sani da nisan asibitin dabbobi. Dukkansu gaskiya ne, amma ba su bayyana dalilin da ya sa matakin yake zama daidai a tunanin mai yin sa ba. Hasashen maƙalar shi ne, harshe yana da hannu a cikin lamarin, domin yadda ake kiran abu yana tasiri a kan yadda ake amfani da shi.

1.1 Hanyar Nazari da Farfajiyarsa

An bi hanyar ƙalailaice ma'anar sassan jimla da ake ji a Hausar yau da kullum, sannan aka gwama sakamakon da bayanan da suka tabbata a ilimin likitancin dabbobi. Nazarin ya taƙaita ga kyanwar gida da magungunan da ake samu a kemis ko a ɗakin girki. Awon da aka ambata a ciki an kawo shi ne don bayyana girman haɗari, ba don a yi aiki da shi a gida ba.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Masana sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan magani a ƙasar Hausa. Last (1981), wanda ya yi aikinsa a yankin Malumfashi, ya nuna cewa jama'a kan karɓi magani daga kafofi daban-daban ba tare da damuwa da sanin tsarin ilimin da ke bayan kowanne ba. Wall (1988) ya yi bayanin yadda Bahaushe ke kallon lafiya da cuta, da faɗin ma'anar magani a wurinsa. Etkin da Ross da Muazzamu (1990) sun bibiyi yadda mazauna wani ƙauye na ƙasar Kano suka shigar da magungunan bature cikin tunaninsu na gargajiya, har suna auna amfanin ƙwaya da launinta da ɗanɗanonta. Bunza (1995) kuwa ya nazarci magungunan da malaman tsibbu suka adana a rubuce.

Dukkan waɗannan ayyuka sun mayar da hankali ne ga ɗan'adam a matsayin majinyaci. Inda aka taɓo dabbobi a nazarin al'adun Hausawa, an fi karkata ga shanu da dawaki da awaki da kaji, saboda darajarsu ta dukiya. Wannan maƙala ta ɗora ne a kan fahimtar Etkin da abokan aikinta, ta faɗaɗa ta zuwa ga dabbar da ba a kai ta kasuwa.

3.0 Matsayin Kyanwa a Gidan Bahaushe

Yawan sunayen dabba alama ce ta kusancinta da masu harshe. Ana kiran wannan dabba kyanwa ko mage, wasu wurare a ce kuliya, a Sakkwatanci kuma a ce mussa, namijinta shi ne muzuru. Ta shiga salon magana, inda ake kiran marar cutarwa kyanwar Lami, a kuma siffanta lumbu-lumbun mai mugun nufi da kwanciyar mage mai ɗaukar rai. Aikinta a gida sananne ne: tsare rumbu da ɗakin ajiya da shago daga ɓarnar ɓera.

Addinin Musulunci ya ƙara mata matsayi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, sannan a fiƙihun Malikiyya sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne. A ɗaya gefen kuma, akwai camfin da ke danganta baƙar kyanwa da aljanu.

Duk da wannan kusanci, kyanwa ba dukiya ba ce a lissafin Bahaushe. Ba a cika sayar da ita ba, kyauta ake bayar da 'ya'yanta, ba a yanka ta, ba ta shiga gado. Mutumin da zai ɗauko malamin dabbobi saboda ragon layya, da wuya ya yi haka saboda kyanwa. Sai ta kasance tana da matsayin da ya isa a tausaya mata, amma bai kai a kashe mata kuɗin asibiti ba. A wannan tsakani ne ƙwayar da ke kan taga ko cikin jakar uwargida take samun hanyar shiga bakinta.

4.0 Kalmar "Magani" da Ginin Ma'anarta

4.1 Ɗafin Nasaba da Ma'anoninsa

Idan aka liƙa wa kalmar "magani" ɗafin nasaba na "-n", aka biyo ta da wani suna, dangantakar da ke tsakanin sunayen biyu tana ɗaukar ma'anoni mabambanta, alhali siffar ginin ɗaya ce. Ga misalai:

(1) maganin zazzaɓi, maganin tari, maganin ciwon kai

(2) maganin ɓera, maganin sauro, maganin ƙwari

(3) maganin yara, maganin mata, maganin kaji

(4) maganin bature, maganin gargajiya, maganin asibiti

(5) maganin barci, maganin ƙarfi, maganin farin jini

(6) maganin bindiga, maganin ƙarfe, maganin baki

A rukuni na (1) ana nufin abin da ke kawar da cuta, a na (2) abin da ke kashe wata halitta, a na (3) wanda aka tanadi maganin dominsa, a na (4) asalinsa, a na (5) abin da yake kawowa, a na (6) kuma abin da yake karewa daga gare shi. Abubuwa uku ne suka fito daga wannan rabe-rabe.

Na farko, babu rukunin da ya ambaci sinadarin da ke cikin maganin. Mai saye a kemis yakan ce a ba shi maganin zazzaɓi ko na ciwon jiki, ko ya kira sunan kasuwa, ko ya siffanta launin kafso. Saboda haka, wanda aka gargaɗa game da Panadol zai iya komawa ga maganin mura, bai san cewa da yawa daga cikin magungunan mura suna ɗauke da farasitamol ɗin da aka hana shi ba.

Na biyu, rukuni na (1), wanda shi aka fi amfani da shi, bai ambaci majinyaci ba. Ginin yana nuna tamkar faɗa ne tsakanin magani da cuta, jiki kuwa fili ne kawai da ake gwabzawa a kansa. Idan zazzaɓi sunansa zazzaɓi a jikin mutum da na kyanwa, mai magana ba shi da wani dalili na harshe da zai sa ya yi shakkar cewa maganin zazzaɓi zai yi aiki a jikin kowannensu.

Na uku, rukunai na (2) da na (3) siffarsu ɗaya, sanin duniya ne kaɗai ke raba su. Maganin kaji yana warkar da kaji, maganin ɓera yana kashe ɓera. Kalmar da ke nufin waraka ita ce kuma ke nufin halaka, abin da ya rage shi ne a san jikin da abin zai shiga. A nan harshen ya riga ya ƙunshi gaskiyar da ilimin haɗa magunguna ya tabbatar, sai dai masu magana ba su cika lura da ita ba.

4.2 Tunanin Rage Awo

Ƙa'idar da jama'a suka koya daga asibiti da kemis ita ce awo yana bin girman jiki: babba ƙwaya biyu, matashi ɗaya, yaro rabi. Ana kuma siffanta magani da "ƙarfi", a ce wannan ya yi wa yaro ƙarfi, a rage. Da wannan ma'auni ake kallon dabba. Tun da kyanwa ba ta wuce nauyin jariri sabon haihuwa ba, sai a ɗauka abin da ya dace da jariri ya dace da ita. Ana kuma yin ƙiyasi da kaji da awaki, waɗanda wasu masu kiwo ke zuba wa kafson mutane a ruwan sha, su ga dabbar ta tashi.

Raunin wannan ƙiyasi shi ne ya ɗauka jikunan halittu iri ɗaya ne, girma ne ya bambanta su. Abin da ya faru da ungulaye a Indiya da Pakistan ya isa misali. Tun daga shekarun 1990 aka ga suna mutuwa da yawan gaske, sai a 2004 binciken da Lindsay Oaks ya jagoranta ya gano cewa dikulofenak da ake yi wa shanu allurarsa ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. A 2006 ƙasashen biyu da Nepal suka haramta amfani da shi ga dabbobi. Maganin da ya sauƙaƙa wa saniya ciwo shi ya kashe ungulu, kuma shi ne dai ake sayarwa a kemis a matsayin maganin ciwon gaɓoɓi.

5.0 Abin da Ya Bambanta Jikin Kyanwa

5.1 Hanta da Jini

Kowane magani da ya shiga jiki sai hanta ta sarrafa shi kafin a fitar da shi ta fitsari ko bayan gida. A jikin mutum, mafi yawan farasitamol ana ɗaure shi ne da wani sinadari mai suna gulukuronik, wani kaso kuma da salfet, sai ya zama abin da ƙoda za ta iya fitarwa. Ɗan abin da ya rage yakan rikiɗe ya zama guba, amma hanta tana da wani sinadarin kariya mai suna gulutatayon da ke kashe kaifinta.

Kyanwa ba ta da cikakkiyar hanya ta farko. A shekarar 2000, Michael Court da David Greenblatt na Jami'ar Tufts da ke Amurka sun nuna cewa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin wannan aiki, wadda ake kira UGT1A6, tana nan a jikin kyanwa amma a lalace take. Binciken da ya biyo baya a 2011 ya gano haka lamarin yake ga sauran danginta, irin su zaki da damisa. Masana sun danganta wannan da abincinsu. Dabbar da ke cin ganye da 'ya'yan itace tana buƙatar hanyar kawar da gubar tsirrai, wadda kuwa nama zalla take ci tun asali ba ta dogara da ita ba.

Idan farasitamol ya shiga jikin kyanwa, hanyar salfet ce ke ɗaukar nauyin, kuma nan da nan take cika. Sai sinadarai masu guba su taru, gulutatayon ya ƙare. Daga nan ɓarnar ta koma kan jini. Himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana da gurabe takwas masu saurin lalacewa a jikin kyanwa, alhali na kare huɗu ne, na mutum biyu. Sai ya rikiɗe zuwa wani nau'i da ba ya iya ɗaukar iska, ƙwayoyin jinin kuma su riƙa fashewa. Kyanwar tana shaƙar iska, amma jininta ba ya kai ta ga sassan jiki. Wannan ne ya bambanta ta da mutum, wanda yawan farasitamol ya fi yi wa lahani a hanta.

5.2 Lissafin Awo

Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa babu awon farasitamol da yake da aminci ga kyanwa, kuma ana iya ganin alamun guba daga miligiram 10 a kowane kilo na nauyinta. Ƙwayar manya tana ɗauke da miligiram 500. Idan aka ɗauki kyanwa mai nauyin kilo 3, ƙwaya ɗaya ta ba ta kusan miligiram 167 a kowane kilo, rabi kusan 83, rubu'i kusan 42. Ke nan rubu'in ƙwaya ya ninka awon da guba ke fara bayyana sau huɗu.

Maganin ruwa na yara ma bai tsira ba. Wanda aka saba gani yana da miligiram 120 a cikin mililita 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, wanda zai ba wannan kyanwa miligiram 40 a kowane kilo. Abin lura a nan shi ne, awon da ake ba yaro shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Ko da mai kyanwa ya auna ta a sikeli, ya yi lissafin jariri ba tare da kuskure ba, awon da zai samu ya riga ya faɗa cikin iyakar guba.

5.3 Zafin Jiki da Alamomin Guba

Wani abin da ke jawo kuskuren shi ne zafin jikin kyanwa. Na lafiyayyen mutum yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, na lafiyayyar kyanwa kuwa yana tsakanin 38 da 39 da 'yan ɗigo. Duk wanda ya taɓa ta zai ji ta da ɗumi. Idan ta ƙi cin abinci ta kwanta, aka taɓa aka ji zafi, sai a yanke hukuncin zazzaɓi, alhali wataƙila zafinta na ɗabi'a ne.

Alamomin gubar farasitamol kan bayyana cikin 'yan sa'o'i. Kyanwar takan yi laushi, ta riƙa dalalar da yawu, numfashinta ya yi sauri. Dasashinta da harshenta su sauya daga ja-ja zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. Fuska da dagi su kumbura, fitsari ya yi duhu. Idan ba a ɗauki mataki ba tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda alamomin sun yi kama da tsanantar ciwon farko, mai ita yakan ɗauka maganin ne bai isa ba, ya ƙara mata wani. Garin neman gira sai a rasa ido.

6.0 Sauran Magungunan Gida

Ba kowane maganin mutane ne guba ga kyanwa ba. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ba a ba ta su a gida ko kaɗan. Bayan farasitamol akwai ibufurofen da dikulofenak da sauran magungunan ciwon jiki, masu haddasa gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Akwai magungunan da aka haɗa da sinadarin kafin, irin su Panadol Extra da garin Alabukun. Na shafawa ma suna cikin wannan kashi, domin kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa gashinta. Ruwan wanke rauni da na tsabtace ɗaki masu sinadarin finol, irin su Dettol da Izal, da ruwan benzil benzuwet da mutane ke shafawa don ƙazuwa, da maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, duk suna cutar da ita. Fametirin yakan sa ta karkarwa da jijjiga. Haka nan kananzir da fiya-fiya da wasu ke shafa wa dabba don kashe ƙuma. Daga ɗakin girki kuwa, tafarnuwa da albasa, waɗanda Bahaushe ke ɗauka magani, suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta.

Kashi na biyu su ne waɗanda likitan dabbobi ke bayarwa da awo na musamman. Asfirin misali ne mai kyau. Jikin kare yana rage rabinsa cikin sa'o'i takwas ko tara, na kyanwa kuwa sai ya ɗauki kusan sa'o'i 38, shi ya sa likita ke ba da ɗan kaɗan bayan kwana biyu ko uku. Wanda ya ba ta safe da yamma kamar mutum yana tara mata guba ne. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yana taɓa ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa. Ƙwayar doksisaikilin kuma, idan aka tura ta a bushe ba a bi ta da ruwa ba, tana iya maƙalewa ta ƙona hanyar abinci har ta tsuke.

Kashi na uku su ne magungunan mutane da likitocin dabbobi ke amfani da su a kai a kai, irin su amoksisilin da insulin da wasu magungunan hawan jini. Ko a nan, gano cutar da ƙayyade awo aikin likita ne. Murar kyanwa, alal misali, galibi ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma kafson kashe bakteriya ba ya kashe su. Mai kemis an horar da shi ne a kan magungunan mutane, ba shi da hurumin raba waɗannan kashi uku.

7.0 Matakin da Ya Dace

Idan kyanwa ta riga ta sha farasitamol, lokaci ne ke raba rayuwa da mutuwa. Akwai makari mai suna asitilsistin, wanda ke taimaka wa jiki ya maido da gulutatayon, kuma ya fi amfani idan an fara shi cikin sa'o'in farko. Likita na iya haɗawa da gawayin asibiti da ƙarin ruwa da iskar oksijin, wani lokaci har da ƙarin jini. Ya kamata a tafi da kwalin maganin, a faɗi adadin da aka bayar da lokacin da aka bayar. Ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri, kamar yadda aka saba yi wa wanda ya sha guba, ba ya karya wannan guba. Manja na iya sarƙe ta ya shiga huhu, gishiri kuma guba ce ta daban. Gawayin murhu ba ya maye gurbin na asibiti.

Kafin a kai ga likita, kyanwa marar lafiya tana buƙatar wuri mai natsuwa, da ruwa mai tsabta, da abinci mai ɗumi mai ƙamshi kamar dafaffen kifi marar ƙaya da albasa, a kuma riƙa share mata hanci da ido da tsumma mai ɗumi. Idan ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, lamarin ya zama na gaggawa, domin doguwar yunwa na taɓa hantarta. Wajibi ne kuma a yi hattara da kyanwar da ke dalala tare da sauyin hali, saboda ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma mai cusa hannu a bakinta don ba ta ƙwaya yana jefa kansa cikin haɗari.

Wuraren neman taimako sun haɗa da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, da asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924.

8.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa kuskuren ba kyanwa maganin mutane yana da tushe a ginin "maganin kaza", wanda ke ɓoye sinadari da majinyaci, da kuma siffanta magani da ƙarfi, wanda ke sa a ga rage awo ya wadatar. Wannan yana da tasiri kai tsaye ga masu fassara da masu shirya faɗakarwa a rediyo. A duba waɗannan jimloli:

(7) Farasitamol ya yi wa kyanwa ƙarfi.

(8) Farasitamol yana da illa ga kyanwa.

(9) Farasitamol guba ce ga kyanwa, komai ƙanƙantarsa.

Jimla ta (7) tana gayyatar mai sauraro ya rage awo, wato ta ƙarfafa kuskuren da ake son gyarawa. Ta (8) ta yi sassauci, domin an saba jin cewa kowane magani yana da illa, kuma ana sha duk da haka. Ta (9) ce ta fitar da abin daga rukunin magani gaba ɗaya, ta kuma toshe ƙofar rage awo. Kalmar "guba" ta fi "dafi" dacewa, saboda dafi ya fi tafiya da sara da harbi, kamar na maciji da kunama da kibiya, guba kuwa da abin da aka ci ko aka sha.

Bisa wannan, ana ba da shawarar saƙon faɗakarwa ya haɗa sunan sinadari da sunayen kasuwa da jama'a suka sani, ya kuma ambaci maganin mura da na ruwa na yara a fili. A yi amfani da sunan dabbar da ya dace da karin harshen yankin. A guji cewa "maganin kyanwa" ba tare da ƙarin bayani ba, a ce "maganin da likitan dabbobi ya rubuta wa kyanwa". Sassan nazarin Hausa da tsangayoyin likitancin dabbobi, waɗanda a wasu jami'o'in suke harabar makaranta ɗaya, suna iya haɗa hannu wajen samar da ƙamus na kalmomin lafiyar dabbobi. Haka kuma, akwai buƙatar binciken fage da zai tattaro sunayen da masu kemis da masu kiwo ke kiran magunguna da su a garuruwa daban-daban.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi matsayin kyanwa a gidan Bahaushe, da ma'anonin da kalmar "magani" ke ɗauka, da dalilan da suka sa farasitamol da wasu magungunan gida ke halaka wannan dabba. An ga cewa bambancin kyanwa da mutum yana cikin aikin hanta da yanayin jini, don haka ɓantar ƙwaya ba ya kawar da haɗari. An kuma ga cewa Hausa tana da kalmomin da za su isar da gargaɗin daidai idan an zaɓe su da lura. Mai ba kyanwa ƙwaya tausayi ne ke motsa shi, kuma tausayin abin yabo ne a al'ada da addini. Abin da ya rage ga masana harshe da likitocin dabbobi shi ne su sanar da shi, da Hausar da zai gane, wace ƙwaya ce magani ga kyanwarsa, wace ce kuma guba.